Shafukan da Aka Tsallake: Mace da Neman Aiki a Ƙagaggun Labarai, Idan Aka Karanta Su Daga Fulatari

Gabatarwa

Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran da mata suka rubuta a Afirka ta Yamma tun daga ƙarshen shekarun 1970 ya san wani jigo da ba ya tsufa: mace ta shiga ƙunci a gidan aure, ta fita ko a fitar da ita, daga nan ta tsaya da ƙafafunta ta hanyar ilmi ko sana'a. Jigon ya samu gindin zama a ajin Faransanci, inda ɗalibai ke karanta Mariama Bâ, ya kuma samu a ɗakunan mata, inda littattafan Kano ke yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsu ya yage. Manazarta sun daɗe suna yaba wa waɗannan marubuta saboda sun fito da kukan da a da ake yin sa a bayan ƙyaure, kuma yabon ya cancanta.

Wannan maƙala za ta dubi jigon ta wata kusurwa, wato yadda labaran ke nuna neman aikin da kuma yin sa. Za a ɗauki littattafai huɗu: Une si longue lettre na Mariama Bâ, da The Stillborn na Zaynab Alkali, da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Sannan za a auna su da ma'aunin wuri guda, jihar Diffa a gabashin Nijar, daga rijiyoyin makiyayan Fulatari zuwa gonakin tattasai na kwarin Komadugu. Abin da awon zai nuna shi ne, littattafan sun ƙware wajen bayyana abin da ke tura mace neman aiki da kuma ladan da take samu a ƙarshe, amma tsakanin turawar da ladan akwai shafukan da aka tsallake. A cikin waɗannan shafuka ne mafi yawan matan Diffa suke rayuwa.

Aiki da sana'a

Kafin a buɗe littattafan, ya kamata a tsaya kan kalmomi. Idan Bahaushe ya ce wance ta samu aiki, yana nufin albashi, ofis ko aji, da takardar ɗauka mai hatimi. Idan ya ce tana da sana'a, yana nufin abin da hannunta ke sarrafawa ta sayar, kamar ƙuli-ƙuli, ƙosai, saƙa, ɗinki ko kitso. Akwai kuma kashi na uku da ba a raɗa masa suna ba: daka, ɗebo ruwa, tatsa, raino. Macen da ta wuni a kan waɗannan tun daga asuba, ita ce ake cewa ba ta aikin komai.

Sana'ar mata ta girmi boko nesa ba kusa ba. Baba mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a 1949 da 1950 aka kuma buga shi a 1954, ta ba da labarin matan da ke kaɗi da ƙananan sana'o'i, abin da suka samu kuma nasu ne. A 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidaje ta hannun yara ƴan talla. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana kiɗan ƙwarya tana zaburar da mata su riƙe sana'a. Saboda haka marubuciyar zamani ta tarar da mace tana aiki tun fil azal. Abin da ya rage mata ta nuna shi ne wane aiki ake ƙirgawa, wanne ke biya, wanne kuma ke sa mai yin sa ta ji ta kai mutum.

Hanyar takarda

An buga Une si longue lettre a 1979, ya kuma ci kyautar Noma a 1980. Ramatoulaye, malamar makaranta, tana rubuta wa ƙawarta Aïssatou wasiƙa a lokacin takaba. Bâ ta girmama aikin koyarwa, ta kuma nuna nauyi biyu da ke kan macen da ke aiki a waje ta dawo ta tarar da na gida. To amma a dubi tafiyar Aïssatou, wadda ita ce abin koyi a littafin. Ƴar maƙerin zinariya ce, ta bar gidan Mawdo da ƴaƴanta maza huɗu lokacin da ya ƙara aure. Ta kama hayar gida, ta duƙufa kan karatu, ta shiga makarantar tafinta, aka ba ta aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka, har ta kai ga saya wa ƙawarta mota. Wannan tafiya, wadda a rayuwa za ta ci shekaru, Bâ ta dunƙule ta cikin ƴan layuka. Mai karatu bai ga wanda ya riƙe yaran a daren jarrabawa ba, bai ga inda kuɗin haya suka fito ba, bai ga ranar da aka mayar mata da takardunta aka ce ta dawo baɗi ba.

Abin lura shi ne, wadda aka fi nuna guminta a littafin ita ce ƙaramar Nabou, kishiyar da aka yi wa Aïssatou. Gwaggonta ce ta zaɓa mata makarantar ungozoma, kuma Bâ ta nuna ta a ɗakin haihuwa, tana fama da ƙarancin kayan aiki, tana komawa gida a gajiye. Wato tauraruwar da ta zaɓi hanyarta da kanta an nuna ladanta an ɓoye wahalarta, wadda kuma aka zaɓa wa hanya ita ce aka bari mai karatu ya ga hannunta a cikin aiki.

Zaynab Alkali ƴar Borno ce, maƙwabciyar Diffa ta tsallaken Komadugu, kuma ta koyar a jami'ar Maiduguri. A cikin The Stillborn, wanda ya fito a 1984, Li ta taso a ƙauye tana mafarkin birni. Auren da ta yi da Habu bai ba ta abin da ta zata ba, sai ta shiga kwalejin horar da malamai, ta dawo gida da ilmi da abin hannu. Shekarun karatun kuwa, mafi yawansu sun wuce ne a tsakanin babi da babi. Yayarta Awa, wadda ta zauna a ƙauye ta riƙe gida da tarin ƴaƴa da miji mashayi, ita ce ƙashin bayan iyalin tsawon shekaru, amma da ranar ƙirga ta zo, Li aka ba matsayin mai gida. Alkali ta ga wannan rashin adalci, ta kuma bar shi a fili, sai dai zubin labarin ya bi Li ne, ya bar Awa a gefen hoto.

Balaraba Ramat Yakubu ta san hanyar karatu da ƙafarta, domin ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya, daga baya ta koma karatu a ajin manya. A Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an cire Abu daga makaranta, ɗan'uwanta ɗan boko ya ƙi ta saboda rashin ilmi, aka aurar da ita dole ga Sarkin Noma, tsoho, ta gudu Kano ta sake ɗaukar alƙalami. Littafi ne mai zafi, kuma ya yi wa auren dole dukan da har yau ana jin ƙararsa. Duk da haka sunansa kaɗai ya isa ya nuna kasuwar da aka kai ilmin. Darajar karatun Abu tana fitowa ne a idon wanda ya raina ta jiya, ilmin ya zama amsa ga namiji kafin ya zama aikin da mace za ta tashi da safe ta yi saboda tana son sa.

Littattafan nan uku sun yi tarayya a abu guda: hanyar takarda kullum waje take fita. Li ta bar ƙauye, Abu ta bar ƙauye, Aïssatou ta bar ƙasar gaba ɗaya. Gida wurin gudu ne, nasara kuma tana can inda kwalta ta ƙare a gaban ofis.

Hanyar tukunya

Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, shi ne mafi kusa da cike giɓin. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da ƴaƴanta. Rabi ba ta da takardar makaranta. Ta ɗora tukunya ta shiga sayar da abinci, da shi ta ciyar da yara ta kuma tsare mutuncinta. A nan mai karatu yana jin ƙamshin aikin da nauyinsa, yana ganin mace tana lissafi.

Sai dai a dubi inda sana'ar ta shigo da inda ta tsaya. Saki ne ya buɗe mata ƙofa, kamar dai sana'a magani ce da ba a nema sai ciwo ya zo. Babban sauƙin da iyalin suka samu kuma ya biyo ta auren ƴarta Saudatu da wani attajiri. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai dangi suka matsa wa Rabi ta koma. Balaraba ba ta zana wannan komawa da launin farin ciki ba, kuma a nan ne gaskiyarta ta marubuciya ta fi fitowa: sana'a ta ciyar da Rabi, amma ba ta ba ta bakin magana a ranar yanke hukunci ba. Wannan ya fi kowane wa'azi kan dogaro da kai nauyi. Abin da littafin bai tambaya ba shi ne, ko Rabi ta so sana'ar, ko ta ƙware a cikinta har ta yi suna, ko akwai abin da ta rasa ranar da ta sauke tukunyar.

Ma'aunin Diffa

Fulatari gunduma ce ta karkara a yankin Maine-Sorowa, ƙasar rairayi da rijiyoyi, mafi yawan mutanenta Fulani makiyaya. A al'adar makiyaya, nono hurumin mace ne. Ita ke sarrafa shi ya zama kindirmo da man shanu, ita ke ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa, abin da ta samu kuma a hannunta yake. Sanin lokacin da nono zai yi tsami a zafin bazara, da iya riƙe masu saye shekara da shekaru, da sanin yadda za a raba tsakanin rabon maraƙi da na yara da na kasuwa, duk ilmi ne da ake gado ana kuma ƙarawa. Wannan mace ba ta jira saki kafin ta fara sana'a ba, an haife ta a ciki. Abin da ke raba ta da aikinta fari ne, irin na 1984 da na 2010 da suka karkashe dabbobi a gabashin Nijar. Ranar da garke ya faɗi, ta rasa jarinta da gwanintarta a lokaci guda, babu kuma takardar da za ta nuna wa kowa cewa ta iya wani abu.

A kudu, inda Komadugu ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Bosso, tattasai ne sarki, har ake yi masa kirari da jan zinariya. Ana noma shi da ban ruwa, a shanya, a ɗura a buhu, mafi yawansa ya tsallaka kasuwannin Najeriya. Tsinka da shanya da tsincewa sun ba mata da yawa kuɗin yini, kamar yadda bandar kifi ta ba matan bakin tafki. A ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Cikin kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kamun kifi saboda zargin cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan. A watan Mayun shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin. Dubban iyalai suka zube a gefen babbar hanyar kwalta ta ƙasa, makarantu fiye da 100 suka rufe. Sai a Oktoban 2017 aka ɗage haramcin tattasai, na kifi kuma a Maris na 2019, a shekarar da ambaliyar Komadugu ta sake cinye gonaki. Ga mace da ba miji ne ya kore ta ba, ba kishiya ce ta ture ta ba, sana'arta ta tsaya cak tsakanin bindiga da sanarwar hukuma. Babu ɗaya daga cikin littattafan huɗu da ya tanadi wuri ga irin wannan asara, domin a cikinsu duka mugun labarin yana zaune ne a cikin gida.

Sai kuma ƴar boko, wadda ta fi kama da Li da Abu. Yarinyar da ta samu brebe ko bak a Diffa tana da ƙofofi ƙalilan: koyarwa, aikin jinya, bautar ƙasa idan ta gama jami'a, ko aikin ƙungiyoyin agaji. Kowace ƙofa tana neman tarin takardu, ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta kotu mai shaida cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba, da hotuna da tambura. Ga wadda aka haifa a bakin rijiya, kwana guda daga ofishin magajin gari, takardar haihuwar ma sai an je gaban alƙali da shaidu. Idan ta shiga koyarwa, mafi yawa ta hanyar kwantaragi ce, tsarin da Nijar ta fara da malamai ƴan sa-kai a 1998 ya kuma bunƙasa da shirin ilmi na shekara goma da aka soma a 2003. Jinkirin biyan alawus ya sha jawo yajin aiki, gwajin da aka yi wa malaman a 2017 kuma ya sallami dubbai. Idan aka tura ta daji, akwai tambayar inda budurwa za ta kwana da wanda zai amince ta je. Idan ta yi aure, ta nemi a dawo da ita gari kusa da miji, sai makarantar dajin ta koma hannun mushe shi kaɗai, iyaye su ƙara jan ƙafa wajen turo ƴan mata. Aikin ƙungiyoyin agaji da ya cika garin Diffa bayan 2015 ya buɗe wa wasu hanya, musamman masu haɗa Faransanci da Barbarci ko Fulatanci, amma kwantaraginsa na watanni ne, kuma yana bin kuɗin da ke zuwa daga nesa, waɗanda suka ragu bayan juyin mulkin Yulin 2023. An kafa jami'ar Diffa a 2014, akwai dokar kaso ta mata tun 2000, akwai dokar kare karatun ƴa mace ta 2017. Tsakanin doka da albashin farko kuwa akwai jira, kuma jiran nan shi ne babin da ba a rubuta ba.

Akwai wani bambanci kuma. A littattafan, tauraruwa tana hawa ita kaɗai, ko ƙawa mai hali ko suruki attajiri ya miƙa mata hannu. A ƙasa kuwa mata a ƙungiya suke hawa. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 bisa tushen adashi, ya bazu a Nijar ya kuma tsallaka ƙasashe da dama. Zaman mako-mako a gindin bishiya, da akwati mai makulli, da bashi da tara da rabon ƙarshen shekara, cike yake da amana da zargi da siyasa. Duk kayan haɗin labari suna nan.

Uzurin da za a iya kawowa

Mai kare marubutan zai ce ƙagaggen labari ba littafin koyon neman aiki ba ne, kuma ba a zargin mutumin Kano ko Dakar don bai rubuta Fulatari ba. Rabi na biyu na maganar gaskiya ne. Balaraba da Bâ da Alkali sun yi yaƙin zamaninsu, lokacin da fitar mace daga gida zuwa aji ita ce babbar gardama, kuma sun yi shi da kyau. Laifin zai hau kan wanda ya zo bayansu da shekara 30 ko 40 yana maimaita zubinsu ba tare da ya leƙa taga ba.

Rabi na farko kuwa bai tsaya ba. Sembène Ousmane ya gina Le Mandat, wanda ya mayar fim a 1968, a kan abu guda: mutum yana son karɓar kuɗin da aka aiko masa ta gidan waya, ana neman katin shaida, katin na neman takardar haihuwa da hoto, kowane ofis na tura shi wani. Daga wannan yawo ya fito da hoton ƙasa sukutum. A Nijar ma, fim ɗin Al'lèèssi na Rahmatou Keïta, na 2004, ya bi rayuwar Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Moustapha Alassane a 1966 ta zama tauraruwar sinimar ƙasar. Ya nuna mace da ta samu aikin da ranta ke so, ta yi suna a cikinsa, amma aikin bai riƙe ta a tsufanta ba, har ta tafi aikatau ƙasar waje. Wannan fim ya yi tambayar da littattafan huɗu suka kauce wa: me mace za ta yi idan aikin da ke ciyarwa daban, wanda ke gamsar da zuciya daban? Ashe ke nan shafukan tsakiya suna ɗaukar fasaha, idan an samu mai haƙurin zama a cikinsu.

Kammalawa

Littattafan huɗu sun koya wa al'umma cewa mace na da haƙƙin tsayawa da ƙafafunta. Idan aka karanta su daga Fulatari, sai a ga sun ɗauki aiki a matsayin ƙarshen labari, ko lada ko mafaka, alhali ga mai tallan nono da mai tsinkar tattasai da malamar kwantaragi, aikin shi ne labarin tun daga shafin farko.

Wannan yana da amfani ga malami a aji. Ɗalibar da ta karanta Une si longue lettre za a iya neman ta rubuta babin da Bâ ta tsallake, wato shekarar farko ta Aïssatou a gidan haya, ko ta rubuta yini guda na Awa. Za a iya tura ɗalibai su zauna da iyayensu mata su rubuta yadda sana'a ke tafiya daga jari zuwa riba, da abin da ya same ta a 2015. Ga ƙungiyoyin al'adu kuwa, aikin da Mary Smith ta yi da Baba a ƙasar Zazzau yana jiran mai yin irinsa a bakin Komadugu, da Barbarci da Fulatanci da Hausa, tun matan da suka san kasuwar tattasai da ta kifi kafin rikici suna da ƙarfin ba da labari. Kundin da aka zartar a Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, wanda ke nufin za a buƙaci littattafan karatu da yawa a shekaru masu zuwa. Ya dace a samu a cikinsu aƙalla guda da zai bi yarinya daga rijiyar Fulatari zuwa gaban alƙali a Maine-Sorowa neman takardar haihuwa, ya zauna da ita a kan benci har a kira sunanta.